Yadda ake riƙon karen da aka tsinta mai tsoron mutane har ya saki jiki

Ni a Garoua ta ƙasar Kamaru nake, kuma yau shekaru da yawa kenan ina ɗauko karnukan da aka yasar, wani a bayan kwata, wani a bakin Binuwai, wani kuma masu shi sun tashi daga gidan haya sun barshi ɗaure da waya a wuya. Guda bakwai suka bi ta hannuna, shida sun zama karnukan gadi a gidaje da lambuna, ɗaya kuma ban samu kanshi ba. Mutane na yawan tambayata yaya ake yi kare da ko inuwar mutum baya son gani ya dawo yana kwanciya a ƙofar ɗaki, shi yasa na zauna na rubuta dalla dalla.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga farko: karen nan ba taurin kai gareshi ba, tsoro ne. An jefe shi, an watsa mishi ruwan zafi, yara sun bishi da sanda. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, toh shi ma haka ne, hannunka a wajenshi tsumman ne. Aikin duka shine ka barshi shi ya zo da ƙafarshi, kai kar ka je ka jawo shi. Kuma ga masu cewa meye na wahala a kan kare, malamanmu sun sha faɗa mana cewa an halatta ajiye kare don gadi da kiwo da farauta, kuma kowa ya san hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah Ya gafarta mishi. Wannan ya ishe ni hujja.

Kayan da zaka tanada kafin ya shigo

Kwano biyu nashi shi kaɗai, na ruwa da na abinci, kuma a yi musu alama kowa a gidan ya sansu, kar su haɗu da kwanukan girki. Na ƙarfe ko na silba yafi, roba zai tattauna ta. Sai buhu biyu ko uku na shimfiɗa, ko tsohuwar tabarma. Sai wuri mai inuwa da ƙofa wanda za'a iya rufewa, tsohon ɗakin awaki ko lungun bayan ɗaki ya isa, in babu sai a kafa rumfa da zana a kewaye ta, amma ka duba ƙasan da kyau saboda kare mai tsoro gwanin haƙa rami ne. Igiya mai laushi kamar mita 3 zuwa 5, da abin wuya mai faɗi na fata ko na yadi. Banda waya, banda sarƙa mai nauyi, banda igiyar da ke zargewa tana shaƙe wuya. Sai nama na lada, wato ɗan abin daɗin da zaka riƙa bashi lokacin horo: hanta dafaffiya a yanka ƙanana kamar ƙwayar wake, ko busasshen kifi da aka cire ƙayar. Sai sabulu da maganin wanke rauni irin su Betadine, wannan naka ne kai, ba na karen ba. Sai takunkumi in zaka samu, in babu likitan dabbobi zai nuna maka yadda ake ɗaure baki da ƙyalle na ɗan lokaci. Na ƙarshe lambar wayar likitan dabbobi, ka nema tun kafin ka buƙace ta.

1. Ka fara da tsaron lafiyarku

Wannan matakin ba'a tsallake shi. Ciwon haukan kare yana nan a ƙasarmu, kuma da zarar alamunsa sun fito a jikin mutum kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutane wajen 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga kare ake ɗauka. Don haka kafin ka ɗauki kare a titi, ka tsaya daga nesa ka kalle shi kwana biyu ko uku kana ajiye mishi abinci. Mai tsoro yana guje maka, yana ci in ka matsa, yana shan ruwa lafiya. Amma in ka ga yana dalalar miyau, haɓarshi ta saki baki a buɗe, yana cizon itace da dutse da duk abin da ya tarar, muryar haushin ta sauya, ko ƙafafun baya na jan ƙasa, wallahi kar ka taɓa shi, ka janye yara ka sanar da ma'aikatan dabbobi na MINEPIA, wato ma'aikatar gwamnati mai kula da kiwo. Kuma ka sani ba kowane mai ciwon ne ke faɗa ba, wani shiru yake yi yayi laƙwas har ka zata sauƙin kai ne.

In tsautsayi ya sa ya cije ka ko ya yakushe ka, ko ya lashi wurin da kake da rauni, ka wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ka duba agogo, don minti 15 yafi yadda kake zato tsawo. Sai ka sa Betadine ka tafi asibiti a ranar, mu nan Garoua akwai reshen cibiyar binciken cututtuka ta Centre Pasteur, kuma ko a wani gari kake ka je asibiti mafi kusa su tura ka inda allurar rigakafin haukan kare take. Kar a sa toka, kar a sa barkono, kar a ɗora gashin karen a kan raunin kamar yadda wasu ke yi, duk ba ya hana komai. Karen kuma a killace shi likitan dabbobi ya sa mishi ido, ka'idar da aka sani kwana 10 ne, wasu likitocin namu kan kai 15.

2. Kawo shi gida

Kar ka bishi da gudu, kar ku taru ku zagaye shi, karen da aka rutsa shine mai cizo. Abin da nake yi, kullum lokaci ɗaya wuri ɗaya nake kai abinci, bayan asuba ko bayan magariba lokacin da ƙafa ta ɗauke, kullum ina matso da kwanon kusa da inda nake so ya shiga. In gidanka na kusa, da kwanon zaka jawo shi har zaure. In da nisa, a sa abincin a cikin keji ko babban akwatin katako mai ƙofa, kwana biyu yana shiga yana ci ba'a rufe ba, rana ta uku a rufe, a lulluɓe da zani saboda duhu na kwantar mishi da hankali, a ɗauka a mota ko a baro. Kar a ɗaure shi a bayan moto, wato babur, ana ja, na taɓa ganin an yi haka, tafin ƙafafun duk sun saɓule.

3. Kwanakin farko, ka ƙyale shi

Anan ne mutane suka fi ɓata aikin, saboda tausayi. An kawo shi, kowa na so ya gani, yara na leƙe, maƙwabta sun shigo, wani na miƙa hannu zai shafa kai. A'a. Ka sa shi a ɗakinshi, ruwa, buhu, ka rufe ka tafi. Mutum ɗaya ne zai riƙa shiga, kuma shiga ce ta ajiye abinci da kwashe kashi kawai, ba magana mai ƙarfi, ba kallon ido cikin ido. Zai iya yin kwana ɗaya ko biyu bai ci a gabanka ba, sai dare ya raba zaka ji ƙarar kwano, wannan ba komai. Amma in ya wuce kwana biyu bai ci ba sam, ko baya shan ruwa a zafin nan namu, ko kwikwiyo ne ƙarami, ko yana amai da zawo mai jini, a kira likita, kar a jira.

Batun abinci, in ƙashin haƙarƙarinshi duk a waje yake kar ka cika mishi kwano don tausayi, cikin da ya daɗe da yunwa baya ɗaukar abinci mai yawa lokaci guda, zai iya kwantar dashi. Kaɗan kaɗan sau 3 ko 4 a rana, shinkafa ko tuwo mai laushi da romo da ɗan nama ko ƙwai dafaffe, bayan sati sai a riƙa ƙarawa. Sauran abincin gida ana bashi, amma a kula da miya mai albasa da tafarnuwa da yawa, suna lalata jinin kare. Banda cakulan, banda inabi da zabibi, banda yaji, banda ƙashin kaza dafaffe saboda yana tsagewa ya soki hanji. Kuma dan Allah kar a bashi maganin ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen da paracetamol, da kyakkyawar niyya ake kashe karnuka dasu.

4. Ka koyi karanta jikinshi

Kare baya cizo haka kawai, sai ya faɗa maka sau da yawa tukuna, mu ne bama ji. In ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, kunnuwa sun kwanta baya, yana lasar hanci ba abinci a wurin, yana hamma ba barci yake ji ba, ya kau da kai amma yana satar kallonka har kana ganin farin idon, duk cewa yake kayi kusa da yawa. In ya sandare ya daina motsi kwata kwata, toh wannan shine na dab da ƙarshe, mutane na ɗauka ya yarda ne suna kai hannu, alhali daga nan sai gurnani sai haƙori. Maganin duk waɗannan guda ɗaya ne, ka ja baya taku biyu ko uku.

Kuma kar ka taɓa dukanshi ko ka daka mishi tsawa saboda yayi gurnani. Gurnanin nan gargaɗi ne, alheri yayi maka da ya faɗa. In ka hukunta shi a kai zai koyi yin shiru, tsoron na nan, gargaɗin ne kawai ya tafi, ranar da yaro ya matsa mishi sai dai a ji ihu.

5. Zama kusa dashi

Wannan shine zuciyar aikin, kuma shi yafi cin lokaci. Bayan kwana uku ko huɗu, in ya fara ci da rana, ka ɗauko kujera 'yar tsugune ka zauna a nisan da zai iya cin abinci kana wurin. In ya kasa ci, kayi kusa, ƙara nisa. Ka zauna ka bashi gefenka, kar ka fuskance shi, ka riƙa jan carbinka ko sauraron rediyo a hankali, minti 10 zuwa 15 sau biyu a rana ya isa. Akwai abu ɗaya da na lura dashi a duk karnukan titinmu: sunkuyawa. Duk lokacin da mutum ya sunkuya a gabansu dutse yake ɗauka, don haka da ka duƙa zaka ga ya zabura. Shi yasa nake zama tun kafin ya fito daga lungunshi, naman na hannuna tuntuni, bana duƙawa ƙasa in ɗauko komai. Haka tsintsiya da sanda da buta, ka ajiye su nesa.

Yanzu sai jifan nama, amma ba irin jifan dutse ba, daga ƙasa zaka gangara shi a hankali hannu baya ɗagawa sama. Ga dabarar da ta fi yi mini aiki: ka jefa naman ya wuce shi, ya faɗi bayanshi. Zai juya ya nisance ka ya ci, sai ya dawo da kanshi ya tsaya yana jiran wani. Kaga ya samu abu biyu kenan, nama da kuma damar matsawa, kuma dawowar da yayi shi ya zaɓa. Kuskuren da ake yi shine a riƙe naman a hannu a ce sai ya zo ya karɓa, yunwa zata kawo shi har gabanka alhali cikinshi na rawa, yana gama haɗiya ya ɗago ya ganshi dab da mutum, a nan ake samun cizo. Ciyarwa daga hannu sai can gaba, lokacin da ya riga ya saba tsayawa kusa jikinshi a sake.

Wata karya baƙa da na kira Duna, sati biyar nayi ina zaman nan kafin ta shinshina ƙafata. A sati na uku har na fara tunanin ko ba zata taɓa sakewa ba, sai wata safiya na shigo na tarar bata gudu lungu ba, tana kwance a bakin ƙofa ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta tana kallona. Wani kuma kwana shida kawai yayi. Ba'a sa musu rana.

Ranar da ya fara shinshinarka kar ka motsa, kar ka kai hannu, shinshina bincike ne ba gayyata ba. In ya fara goga jikinshi ko ya tsaya a gefenka, sai ka taɓa ƙirji ko gefen wuya, banda saman kai, ka ƙirga ɗaya biyu uku ka ɗauke hannu. In ya matso ka ƙara, in ya tafi shikenan na yau ya ƙare.

6. Likita da maganin ƙwari

In zai yiwu likitan ya zo gida yafi a ɗauki karen. Allurar rigakafin haukan kare ita ce farko, ana yinta daga wata 3 da haihuwa kuma ana sabunta ta, ka karɓi karne, wato katin shaidar allurar, ka adana, ranar da aka samu rigima da maƙwabta shi zai cece ka. Ana yawan yin gangamin allura wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon ta duniya, ka riƙa sauraron sanarwa. Amma ka sani allura bata warkar da karen da ya riga ya ɗauki ciwon kafin ya zo hannunka, kuma ciwon na iya ɓoyewa makonni ko watanni, don haka ko an yi allura ka ci gaba da lura, kar a sake shi cikin yara da wuri. Ka tambaya kuma a haɗa mishi da rigakafin ciwon zawon jini na 'yan kwikwiyo, da maganin tsutsar ciki gwargwadon nauyinshi, yawanci ana maimaitawa bayan sati biyu.

Kaska da ƙuma kusan duk suna zuwa dasu. In bai yarda a taɓa shi ba tukuna, akwai maganin da ake ɓoyewa a cikin nama, likita zai faɗa maka. In ya yarda, kaska ana kamata ne dab da fata a ja a hankali. Abin da nake roƙo, kar a shafa mishi baƙin man inji ko kalanzir saboda ƙazwa, kuma kar a yi mishi wanka da maganin feshin auduga ko ragowar maganin wankan shanu, yana lashewa ya mutu, kuma yaran gida ma na cikin haɗari. In ka ga wasu ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya, musamman da damina, tsutsar ƙuda ce da ke shiga fata daga ƙasa mai danshin fitsari, a toshe ramin da basilin zata leƙo a matse ta, sannan a riƙa shanya buhunshi a rana ana share wurin kwanciyar. Wanka kuwa ba gaggawa, datti baya kashe shi, amma wankan dole a satin farko zai rusa duk abin da ka gina.

7. Igiya da fita waje

Ka fara ajiye igiyar da abin wuyan kusa da kwanonshi kwana biyu ya shinshina. Sai ka sa abin wuyan kana bashi hanta, ka cire. In an taɓa ɗaure shi da waya wuyan zai zama wurin da baya so a taɓa, toh sai a yi mishi ɗamara ta ƙirji da tsohon zani, tela zai iya ɗinka maka. Sai ya ja igiyar a tsakar gida kana kallo, sannan ka riƙe ta a sake kana binshi, ba shi ke binka ba. In ya turje kar ka ja, ka tsaya, ka jefa nama gaba.

Fitar farko bayan asuba, kafin masu moto da 'yan makaranta su cika hanya, ƙofar gida kawai ku dawo. A watan Maris da Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, ka ɗora bayan hannunka a ƙasa, in kai baka iya jurewa shi ma tafinshi ƙonewa zai yi. Makonnin farko ina sa igiya biyu, ɗaya a wuya ɗaya a ƙirji, saboda in ya firgita da baya yake zamewa. In ya kuɓuce kar a bishi, a bar ƙofa a buɗe, a ajiye buhunshi da kwanonshi a bakin ƙofa, a sanar da mutanen unguwa kar su kore shi, galibi da dare yake dawowa.

8. Abubuwan da ke firgita shi

Ka gano su ɗaya bayan ɗaya: moto ne, yara ne, maza masu sanda ne. Sai ka ɗauki guda, misali moto. Wani ya tada ta can nesa inda karen ke ji amma yana iya cin nama, tana ƙara kana bashi, an kashe ka daina. Gobe a matso kaɗan. In ya ƙi karɓar naman an yi sauri, a koma nisan jiya. Kar ka ɗaure shi a bakin titi wai ya saba, ba sabo zai yi ba, sandarewa zai yi. Tsawar damina da abin fashewar da yara ke kunnawa a ƙarshen shekara kuwa ba'a iya matsar dasu nesa, sai dai a bar mishi lungu mai duhu ya shige, kuma in ya zo ya raɓe ka ka barshi, lallashi baya ƙara tsoro.

Yaran gida ka zaunar dasu ka kafa doka: ba taɓawa yana cin abinci, ba taɓawa yana barci, ba shiga ɗakinshi, ba runguma. Almajirai da masu talla da ke shigowa zaure su ma a faɗa musu, ko a rufe shi lokacin shigowarsu. Awaki da kaji a fara haɗa su yana kan igiya.

9. In abin ya ƙi

Zai yi gaba ya dawo baya, baƙi sun zo suna ko an yi hayaniyar Sallah sai ka ganshi ya koma lungu kamar ranar farko, ka koma mataki na 5 kwana biyu zai dawo. Amma in bayan watanni yana kai cizo ba gargaɗi, a fara kai shi likita a duba ko ciwo ne a kunne ko haƙori ko ƙugu. In lafiyarshi ƙalau kuma gidanka cike yake da ƙananan yara, ka nema mishi lambu ko gona mai shinge inda mutum ɗaya zai riƙa kula dashi, ka faɗa wa mutumin gaskiyar halinshi, ka bashi karnen allurar da buhun da ya saba kwanciya a kai. Wanda nace ban samu kanshi ba haka nayi dashi, yana wani lambun mangwaro a hanyar Pitoa, har yau mai lambun ne kaɗai ke iya sa mishi igiya.